Mu Uku, Mahaifa Biyu

Mu uku ne mata a ɗakinmu, kuma dukanmu Allah ya jefo mu Landan, ɗaya bayan ɗaya. Yaya ce ta fara zuwa. Ta biyo mijinta da ya zo karatu, karatu ya ƙare, zama bai ƙare ba. Yanzu tana da ɗan shagon abinci a Old Kent Road, tsakanin wani mai aski da wani coci da ke cikin tsohon sito, tana sayar da waina da miyar taushe da dambun nama. Ni na biyo bayanta da takardar aikin jinya, na yi aure, na zauna a Barking, ina aiki a sashen mata na wani asibiti. Auta ce ta zo daga ƙarshe, kuma ita ta fi ba Innarmu mamaki, don jar bas ɗin nan mai hawa biyu take tuƙawa. Inna tana can Zariya tana cewa tsokanarta muke yi, sai da aka tura mata hoton Auta a bayan sitiyari sannan ta yi salati ta yarda.

Auta ba ta da mahaifa. Haka Allah ya halicce ta. Ba wanda ya sani sai da ta zama budurwa, sa'o'inta duk suka fara al'ada, ita shiru. An sha jiƙo, an sha rubutu, daga baya aka kai ta asibiti. Likita ya duba ya ce komai nata lafiya lau, har ƙwan haihuwa tana da shi, ɗakin da ɗa zai kwanta ne kawai babu. Inna ta sha kuka a lokacin. Auta kuwa sai ta taso da wani irin baki da ba ya barin kowa ya tausaya mata. Da wanda ta aura ya fara nemanta, tun a zuwansa na biyu ta faɗa masa komai. Ya tafi ya yi kwanaki bai dawo ba, muka ce shi ke nan, sai ga shi da ƙunshin tsire da maganar turo manya. Suna zaune a Woolwich, kuma ban san wani gida da ake dariya kamar nasu ba.

Ranar da labarin dashen mahaifa ya bazu a ƙasar nan, ina aikin safe. Lokacin shan shayi abokiyar aikina, wata 'yar Jos da muke juya harshe zuwa Hausa da ita idan za mu yi gulmar likitoci, ta miƙo mini wayarta. Wata mata ce ta ba ƙanwarta mahaifarta, aka cire daga jikin wannan aka dasa a jikin waccan, ga shi har an haifi jaririya. Mu da muke cikin aikin mun san an yi irinsa a wasu ƙasashe, amma karantawa a takarda daban, ganin jaririya a hannun uwarta daban. Na daɗe ina kallon hoton. Na ce a raina zan yi shiru tukuna, sai na san ta inda zan ɓullo wa Auta.

Ashe Yaya ta riga ni. Ina cikin canja wa wata tsohuwa zanen gado wayata ta yi ta kaɗawa a aljihu, ta tsaya, ta sake. Da na fito na kira ta, ko sallama ba ta amsa ba.

"Ke da kike asibiti kika ji wannan labari kika yi shiru? Sai a bakin mai kawo mini tattasai zan ji?"

"Yaya, yanzu nake gani ni ma."

"To ni dai na bayar."

"Me kika bayar? Wa kika ba?"

"Mahaifata mana, na ba Auta. 'Ya'ya biyar, ko ɗaya ba a yi mini tiyata ba, ɓari ko na wata guda ban taɓa yi ba. Yanzu tana nan zaune ba aikin fari balle na baƙi. Ki yi mana booking kawai, a sa mana ranar tiyata."

Ya kamata in ce mata ba haka ake yi ba. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Ai ni ma ina da ita."

Ina jin ƙarar mai a tanda ta cikin wayar. Sannan ta ce, "Taki mai 'ya'ya biyu?"

Tun muna yara haka muke da Yaya a kan Auta. Mun yi faɗa a kan wa zai goya ta, wa zai yi mata kitso, wa zai raka ta makarantar allo. Inna ta sha raba mu da muciya. Na ɗauka mun girma mun wuce wannan, sai ga ni tsaye a barandar asibiti da rigar aiki, ina gaya wa yayata cewa na fi ta ƙuruciya kuma ba ni da hawan jini.

Aka sa taro ranar Lahadi a gidana. Yaya ta zo da kular waina kamar za a yi suna. Auta da mijinta suka iso bayan azahar. Maigidana ya kwashi yara ya kai su wasan ƙwallo, don ya ce ya hango inda maganar za ta. Muka kira Inna ta bidiyo, muka jingina wayar da filas ɗin shayi a tsakiyar tabarma, ba abin da muke gani sai goshinta da fankar sama.

Mijin Auta mutum ne mai kunyar surukai. Yana zaune a bakin ƙofa kansa a ƙasa, yana amsa gaisuwa da "lafiya lau, Yaya". Da Yaya ta gyara zama ta ce, "To, maganar mahaifa ce ta tara mu," sai ya miƙe ya ce bari ya duba mana kwandunan shara, wai yana jin gobe ma'aikatan council, wato ƙaramar hukuma, za su zo kwasa. Ba ranar kwasarmu ba ce. Muna hango shi ta taga a ɗan filin bayan gida, yana jera su yana sake jerawa.

Yaya ta fara tallar hajarta. Wallahi in ka ji ta ka ce mota take sayarwa. Ba ta taɓa ba ta matsala ba, naƙudarta ba ta wuce tsakanin sallah da sallah, ɗanta na uku ma da girmansa ya fito har ungozoma ta kira 'yan'uwanta su zo su gani. Na bar ta ta gama, sannan na sa muryar da nake yi wa majinyata bayani da ita.

Na ce musu abin ba kamar cire haƙori ba ne. Mai bayarwa sai ta yi kusan wuni guda a ɗakin tiyata, don ba mahaifar kaɗai ake cirewa ba, har da jijiyoyin jinin da ke ciyar da ita, su kuma suna kwance daf da hanyar fitsari, kuskure kaɗan sai a bar mace da lalurar da ba ta zo da ita ba. Mai karɓa kuma za ta riƙa shan maganin da ke kwantar da garkuwar jiki, don kada jikinta ya kori baƙuwa, kuma maganin yana da nasa wahalar. Ciki ba ta hanyar da aka saba ake samunsa ba. Tun kafin dashen za a ɗebi ƙwanta a haɗa da na mijinta a ajiye, in mahaifa ta zauna sai a saka. Haihuwa da tiyata ce. In an samu ɗa ɗaya ko biyu, a sake buɗe ta a cire mahaifar don ta huta da magani.

Yaya ta ce, "A cire? A kai ta ina?"

"Ta gama aikinta ke nan."

"A'a, to in ta gama sai a dawo mini da abata."

Daga cikin wayar muka ji Inna ta yi gyaran murya. Inna ba ta kiran sunan Yaya, kunyar 'yar fari, sai dai ta ce babbarku.

"Ni tambayata ɗaya ce. In aka sa ta babbarku a cikin Auta aka haifi ɗa, ɗan wa ke nan?"

Na ce ɗan Auta ne da mijinta. Kamanni da jini daga ƙwan uwa da na uba suke fitowa, mahaifa masauki ce kawai.

"Masauki? Ke ma kin kwana a nawa masaukin wata tara, kin fito da hancina."

"Inna, ai ƙwan naki ne."

"To 'ya'yan babbarku fa? Sun kwanta a ɗaki ɗaya da shi. In mace aka haifa, akwai aure tsakaninta da ƙaramin ɗan babbarku ko babu?"

Ba a yi dashe ba, ba a yi ciki ba, Inna har ta kai ga auren zumunci. Amma gaskiya tambayar ta tsaya mini, don wannan ba a koya mana a makarantar jinya ba. Inna ta ce za ta tambayi malamin Islamiyyarsu. Daga baya ta kawo mana amsarsa: malamai sun tattauna abin, da yawa sun ga ya halatta tunda mahaifa ba ta ɗauke da nasaba, da sharaɗin kada a cutar da mai bayarwa kuma kada ya zama ciniki, wasu kuma sun ce a yi taka-tsantsan. Maganar aure kuwa ya ce a bari a haifi yarinyar tukuna.

Amma a ranar, kafin kowa ya sake magana, sai goshin Inna ya matso ya cika wayar.

"In haka ne me ya sa ake wahala? Ga tawa. Ita ta haife ku duka, ta san Auta, Auta ta san ta."

Yaya ta ƙware da shayi. Na ce, "Inna, akwai iyakar shekaru." Ta ce ita ba ta ga abin da shekaru suka yi mata ba, jiya ma da ƙafa ta je kasuwar Tudun Wada.

Duk wannan abin da ake yi, Auta tana gefe tana cin waina. Ta ci, ta suɗe hannu, ta ɗauki wata. Sai da muka yi shiru don kanmu sannan ta ɗago.

"Kun gama rabon?"

Muka kalle ta.

"Ni fa tun da na balaga ban taɓa fashin sallah ba. Azumina cif nake yi, ba ramuwa. Ku kuna nan kuna naɗe da ciwon mara kuna neman ruwan zafi, ni ina yawona. Yanzu da girmana kuna so ku haɗu ku kawo mini abin da Allah ya hutar da ni?"

Inna ta ce, "Auta, ba wasa ake ba."

"Na sani, Inna. Amma tun da aka zauna an tambayi nas, za a tambayi malam, ba wanda ya ce ke mai cikin me kika gani." Ta goge hannunta da tsumma. "To ga abin da na gani. Duk mai son ba ni kyauta ta je a duba kayan nata tukuna. Ba na karɓar abin da ba a gwada ba."

Ta leƙa taga ta yi wa mijinta hannu ya shigo. Ya shigo yana cewa kwandunan duk lafiya.

Yaya ce ta fara zuwa wurin likitan unguwarsu, da sabon leshi kamar mai zuwa biki. Ta dawo da ƙarin maganin hawan jini, da gargaɗi a kan sukari, da labarin cewa zafin da take ji yana taso mata ba na tanda ba ne, al'adarta ce ke bankwana. Likitan ya ce mata ko kusa ba za a yi mata doguwar tiyatar da ba ta zama dole ba. Ta kira ni tana faɗa, wai yaron likitan ko gemu bai gama fitarwa ba. Na ba ta haƙuri da murya mai taushi, ina murmushi ni kaɗai a kicin. Fili ya zama nawa.

'Yar Jos ta daɗe tana ce mini na yi fari fat, in je a duba jinina. Ni kuma ina ce mata gajiya ce, wa ke aikinmu bai gaji ba? Al'adata ta yi yawa ƙwarai a 'yan shekarun nan, amma na saba, ina ta fama da ita ina ba wasu matan shawarar kada su yi wasa da irin wannan. Da na je hoton ciki, na hau gadon ina hira da mai ɗaukar hoton, ina ba ta labarin Yaya muna dariya. Sai na ji ta daina dariya. Na san irin wannan shirun, ni ma ina yin sa. Na ce ta juyo mini da allon in gani.

Ƙari ne, irin wanda ke fitowa a jikin mahaifa, ba mai kisa ba. Amma ba ɗaya ba, ba biyu ba. Mahaifar da nake taƙama da ita ta zama kamar buhun dankali. Gwajin jini kuma ya nuna jinina ya yi ƙasa sosai. Likitan mata, wanda muka shekara muna aiki tare, ya zaunar da ni ya lissafa mini hanyoyin da ake bi, ya ce a ganinsa, tunda na gama haihuwa kuma abin ya kai haka, cirewa ta fi. Na ce masa, "To tunda za a cire, ba za a iya ɗan gyara ta a ba ƙanwata ba?" Ya cire tabarau ya dube ni. Ya ce ya san na san amsar.

A kasuwar Woolwich na samu Auta, ranar hutunta, tana zaɓen kubewa. Muka shiga wani ɗan shagon shayi muka zauna kusa da taga. Na faɗa mata. Na yi tsammanin za ta yi salati, sai ta kwashe da dariya. Ta yi dariya har ta kifa kai a tebur, har matar da ke kusa da mu ta janye jakarta.

"Wayyo cikina. Ɗaya ta yi ritaya, ɗaya dankali. Da na biye muku da yanzu ina ina?"

Ni ma na kama dariya. Muna cikin haka na ga hawayen nata ba su tsaya ba bayan dariyar ta tsaya. Na miƙa mata hankici.

Ta ce, "Kin san tun yaushe nake bin labarin nan? Tun da aka fara yi a wasu ƙasashe. Sunayen magungunan ma na haddace su. Duk bayanin da kika yi ranar Lahadi na san shi."

"Me ya sa ba ki taɓa faɗa ba?"

"Saboda na san abin da za ku yi, kuma shi kuka yi." Ta juya kofinta. "Ina so, 'yar'uwa. Ba kullum ba, amma akwai ranakun da nake so har in ji kamar numfashina zai tsaya. Mace ta shigo bas da tsohon ciki, in sauke mata matakala, in bi ta da kallo ta madubi har ta zauna. Amma ki duba. A yanka Yaya wuni guda saboda ni, in wani abu ya same ta in kalli 'ya'yanta in ce musu me? In aka dasa bai kama ba, ba ni kaɗai zan yi baƙin ciki ba, sai na rarrashe ku duka har Inna. In kuma ya kama aka haihu, kin san Yaya. Yaron ko tuntuɓe ya yi sai ta ce a bi mata ɗan mahaifarta a hankali."

Na ce wannan kam ba makawa.

"Abin da ya fi damuna ma ba shi ba ne. Da, in aka tambaya, sai a ce Allah bai ba ta ba, kowa ya yi shiru. Yanzu tun da labarin nan ya fito, mata uku sun turo mini shi, har da matar da ba mu fi gaisuwa a masallaci ba. In na ce ba na yi, sai a ce ga hanya ta samu ta ƙi. Abin da yake ƙaddara jiya, yau ya zama laifina."

Shekaruna nawa ina tsayawa kusa da mata ana yi musu bayanin tiyata, ina tabbatar da cewa ba wanda ya tilasta musu. Kullum ido nake sawa a kan miji ko uwar miji mai matsa lamba. Ban taɓa kawo wa raina cewa kular waina da 'yan'uwa masu rige-rigen kyauta su ma matsi ne ba. Na tambaye ta me mijinta ya ce. Ta ce ya ce duk abin da ta zaɓa shi ne, amma in za a sake irin wannan taro a gaya masa da wuri ya nemi aikin ranar Lahadi.

An yi mini tiyata da farkon bazara, a wani asibitin da ba namu ba, don na ce ba zan kwanta abokan aikina suna kallona da rigar da ba ta rufe baya ba. Duk abin da na tsana majinyaci ya yi, na yi shi. Na gyara wa wata yarinya yadda take ɗaura abin awon jini. Na leƙa takardar da ke ƙafar gadona. Na ce zan iya tashi da kaina, na tashi, jiri ya mayar da ni. Auta ta ɗauki hutu ta zauna da ni. Ita ke riƙe ni zuwa banɗaki, ita ke ba ma'aikatan haƙuri a madadina, tana ce musu a gida ma haka nake. Da na farfaɗo sosai ta sunkuyo ta ce mini a kunne, "Barka da shigowa ƙungiyarmu. Ba mu da yawa amma muna da kwanciyar hankali." Na ce ta daina ba ni dariya, ɗinkin yana ja.

Yaya ta zo da farfesun kaza a kula, ta cika sashen da ƙamshin daddawa, har matar gadon da ke kallon nawa ta samu kofi guda. Ta zauna ta dube ni da robar ruwa a hannu da ta fitsari a gefen gado. Can ta ce, "Ashe haka abin yake." Na ce mata nawa ma ƙarami ne a kan wanda ta so a yi mata. Ba ta sake tayar da maganar kyauta ba.

Bayan na warke Auta da mijinta suka nemi ganin likitocin da suka san harkar, su biyu kawai, ba su gaya wa kowa ba sai da suka dawo. An yi musu bayanin cewa ana iya samun mahaifa daga matar da ta rasu in danginta sun yarda, amma masu jira suna da yawa, abin kuma bai yawaita ba, ba wanda zai yi musu alkawari. Auta ta ce ta yi tambayoyinta duka, an amsa mata ba tare da kowa ya kawo maganar auren zumunci ba. Suka yi watanni suna juya abin. Wata rana ta kira ni daga garejin bas ta ce sun yanke shawara ba za su yi ba. Na ce to. Ta ce, "To kawai?" Na ce to kawai. Ta ce lallai tiyata ta gyara ni.

Abin da suka yi shi ne neman riƙon yara ta hannun council, irin yaran da iyayensu suka kasa kula da su na wani lokaci. An daɗe ana bincikensu, har mu aka zo aka yi wa tambayoyi. Ma'aikaciyar da ta je wurin Yaya ta shiga shagon da niyyar rabin awa, ta fito da la'asar da ledar dambu a kowane hannu. Daga ƙarshe aka kawo musu wata yarinya 'yar shekara biyar, mai shiru-shiru, wadda da farko ba ta cin komai sai gasasshen burodi. Ba a san tsawon zaman da za ta yi ba, Auta ma ta hana mu tambaya.

Wata Asabar da safe Auta ta kira ni. Wai jajayen ƙuraje sun feso wa yarinyar a hannu da wuya, ita dai tana jin ƙyanda ce, in zo yanzu-yanzu. Na bar wanki a inji na fita, na canja jirgi na canja bas, na iso ina haki. Na tarar da mijin a tsaye da makullin mota a hannu, Auta ta rungume yarinyar a kan kujera, ta lulluɓe ta da bargo. Na taɓa goshinta, sanyi ƙalau. Na duba idonta da bakinta, ba komai. Na kalli ƙurajen da kyau, na ga duk girmansu ɗaya, kuma a hannun hagu kawai suke da gefen wuya, inda hannun dama ke kaiwa.

Na ce a ba ni auduga da ruwan ɗumi. Na goga sau ɗaya, ƙyanda ta bi auduga. Yarinyar ta zaro jan alƙalamin zane daga ƙarƙashin bargon, ta ce da Turanci ita damisa ce.

Auta ta sulale ta zauna a ƙasa, ta rufe fuska da hannu biyu. Mijin ya ajiye makulli ya ce bari ya dafa shayi. Ni kuma tunda na riga na zo, na miƙa wa damisa hannuna ta yi mini nawa ƙurajen, muka karya da burodi da ƙwai.